Dankalin Russet na Buhu a Kantunan Rahusa na Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya sauka Amurka da iyali, ba zai yi mako guda ba sai ya haɗu da buhun nan. Ana jibge shi a sashen kayan lambu na kantunan rahusa irin su Aldi, Lidl da Save A Lot, cikin leda mai ƙananan huda, an rubuta Russet ɓaro-ɓaro a jiki. Mutanenmu sukan ɗauka don araha, su je gida su dafa shi yadda suka saba dafa na Jos, shi kuma ya watsa musu ƙasa a ido. Waɗannan su ne tambayoyin da sababbin zuwa suka fi yi mini, wasu a waya, wasu a gidan suna. Wasu kuma ni ce na yi wa kaina su a shekarun da nake ta ɓarnar tukunya.

Anti, wai mene ne Russet ɗin nan? Ba dankalin Turawa ba ne irin namu?

Dankalin Turawa ne, amma kama da wane ba ta wane. Russet dogo ne, ɓawonsa ruwan ƙasa mai kaushi, cikinsa fari. Sunan ma daga launin ɓawon ya samo asali, kuma idan Ba'amurke ya faɗe shi sai ki ji kamar ya ce "rasit", har ki fara laluben jaka.

Babban bambancin yana daga ciki. Russet sitacinsa da yawa, ruwansa kaɗan. Da ya ji wuta sai ƙwayoyin sitacin su kumbura su rabu da juna, ya fito gari-gari kamar dafaffen rogo mai kyau. Wanda muka tashi muna ci, na Bokkos da Mangu da Barikin Ladi a Filato, da yawansa irin su Nicola ne. Cikinsa ɗorawa-ɗorawa, yana da ɗan danƙo, kuma yana riƙe jikinsa a tukunya ko da an mance da shi a wuta. Shi Russet na gashi ne da suya da daka. Zaman romo ba nasa ba ne.

Asalinsa daga wani matashi ne mai suna Luther Burbank, wanda ya samar da wani irin dankali a jihar Masachusets, ya sayar da shi kan dala 150 a 1875, ya yi guzuri da kuɗin ya tafi Kalifoniya. Daga wannan iri ne mai kaushin ɓawo ya ɓullo daga baya, ake ce masa Russet Burbank, kuma shi ne kamfanonin soyayyen dankali suka fi dogara da shi. Wanda kike gani a buhu sau da yawa ɗan'uwansa ne, Russet Norkotah, da aka fitar a North Dakota a 1987. Ya fi kyan gani, girmansa ya fi zuwa bai ɗaya. A tukunya halinsu kusan ɗaya ne.

Me ya sa yake da araha haka? Ko akwai lauje cikin naɗi?

Babu lauje. Mu dai mun taso da jin cewa araha ba ta ado, shi ya sa zuciya take ɗar-ɗar, amma arahar nan tana da dalili.

Na farko, yawa. Jihar Idaho kaɗai tana noma kusan kashi ɗaya cikin uku na dankalin Amurka, Washinton tana biye da ita, kuma inji ne ke shuka, shi ke haƙa, shi ke wankewa. Na biyu, tacewa. A wurin ɗurawa ana ware manya masu girma ɗaya a zuba su a kwali mai laba 50 don gidajen abinci, ko a baza su a kanti ana sayarwa ɗai-ɗai da tsada. Ƙanana da matsakaita da masu ɗan karkace su ake ɗurawa a buhu. Gonarsu ɗaya, ɗanɗanonsu ɗaya. Abin da kika rasa kawai shi ne zaɓe da hannunki.

Na uku kuma, kantin da kansa yana tsuke bakin aljihu. A Aldi, wanda asalinsa na Jamus ne kuma ya buɗe kantinsa na farko a Amurka a jihar Iowa a 1976, kaya a cikin kwalinsu ake barinsu, ma'aikata 'yan kaɗan ne, ke za ki zo da jakarki ki zuba kayanki da kanki. Keken sayayya ma sai kin sa kwata ɗaya, wato santi 25, kafin ya saku, in kin mayar da shi kuɗinki su dawo. Ki riƙa ajiye kwata a mota ko a aljihun jaka. Ranar farko ni rungumar buhu na yi har wurin biya, da goyo a baya.

Ki duba jikin ledar, za ki ga an rubuta U.S. No. 1. Wannan matakin inganci ne na ma'aikatar noma ta Amurka. Akwai No. 2, mai yawan tabo da munin siffa. Shi ma ana ci, sai dai fira za ta cinye miki da yawa.

Laba 5 zan ɗauka ko laba 10?

Laba ɗaya giram 454 ne, don haka laba 5 ya kai kilo 2 da kwata, laba 10 kuma kilo 4 da rabi. Kusan kullum babban buhun ya fi sauƙi idan aka lissafa kuɗin kowace laba, kuma kantuna da yawa suna rubuta wannan lissafi da ƙananan lambobi a gefen farashin. Amma lissafin yana tafiya daidai ne in za a cinye. Gidan da ke da yara huɗu ana soyawa da safe, laba 10 ba ya kaiwa mako biyu. Gwauro ɗalibi kuwa, ko miji da mata su biyu, rabin buhun a kwandon shara zai ƙare, ribar ta bi shanun sarki.

A watan Nuwamba, gab da bikin godiya da Amurkawa ke yi ranar Alhamis ta huɗu ta watan, farashin buhu yakan faɗi warwas. Lokacin ne ya dace a sayi babba a raba da maƙwabciya.

Tunda a rufe yake, ta yaya zan gane mai kyau?

Nan ne aikin yake, kuma minti ɗaya ya isa. Kada ki sunkuci na saman tsibi ki wuce. Ɗaga buhun, juya shi, dubi gindinsa, don a can ruɓaɓɓe yake ɓuya. In kin ga gumi a cikin ledar, ko ɗan ruwa mai duhu a kusurwa, ajiye shi. Sannan ki kai shi hanci ba tare da jin kunya ba. Mai kyau ƙanshin ƙasa yake yi kamar an yi yayyafi. Wanda ya fara lalacewa kuwa, ko ɗaya ne a ciki, wani tsami-tsami zai bugo ki ta hudojin ledar. Ki danna uku ko huɗu da babban yatsa ta bayan leda, ya kamata ki ji su ƙam kamar dutse. Wanda ya lotsa ko ɓawonsa ya yi tamoji ya tsufa.

Ledar kanta takan zo da launi da zane da ke rufe ido, don haka ki nemi inda take garau ki leƙa ko akwai kore ko tsiro. Na saman tsibi su suka fi shan hasken fitila, shi ya sa nake zaro nawa daga ƙasa ko daga baya.

Na koyi wannan da wuya. Wata rana cikin sauri na jefa laba 10 a keke daga wani kanti ban duba ba, na tura shi lungun kicin. Bayan kwana huɗu gidan ya ɗauki wani irin wari, har muka fara zargin ɓera ne ya mutu a bayan firiji. Maigida ya ja firijin, ya ja murhu, babu komai. Ashe guda ɗaya ne ya narke a gindin buhu, ya zama baƙin ruwa, ya jiƙa guda shida da ke kusa da shi. Wake ɗaya ke ɓata gari. Tun daga ranar, da na shigo gida nake zazzage buhun a ƙasa in bi su ɗaya bayan ɗaya, masu tabo ko rauni su ne na tukunyar ranar.

Akwai lokacin da ya fi kyau a shekara?

Akwai. A Idaho ana haƙar yawancinsa ne a Satumba da Oktoba, sannan a zuba shi a manyan rumbuna masu sanyi a riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan har shekara ta zagayo. Buhun da kika saya a Nuwamba sabo ne, zai jure ajiya. Wanda kika saya a Mayu ko Yuni mai yiwuwa ya yi wata bakwai ko takwas a rumbu, da ya ji ɗumin gidanki zai fara tsiro. A irin wannan lokaci ƙaramin buhu ya fi.

A ina zan ajiye shi? Gidanmu ɗaki biyu ne a bene, babu sito.

Abin da dankali yake so uku ne: duhu, iska, da sanyi mara tsanani, wajen digiri 45 zuwa 50 a ma'aunin Farenhait da Amurka ke amfani da shi, wato 7 zuwa 10 a namu. Gidan haya mai hita a lokacin hunturu ba shi da irin wannan wuri, sai dai a kamanta. Fitar da shi daga leda, zuba a kwali ko jakar takarda ko kwando, rufa da jarida, ki sa a kabad na ƙasa wanda ya fi nisa da murhu da bututun hita. Ƙarƙashin wurin wanke-wanke, inda kowa ke fara turawa, shi ne mafi muni, saboda danshi da bututun ruwan zafi. A ɗumin ɗaki ki sa ran mako ɗaya zuwa biyu. Mai ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko gareji mai sanyi zai iya kaiwa wata biyu, muddin bai daskare ba.

Kada a wanke shi sai za a dafa. Kada kuma a haɗa shi kwando ɗaya da albasa, ko da yake haka muka saba a gida, don suna saurin lalata juna.

Firiji yana hana tsiro, amma sanyinsa yana juya sitacin ya koma sukari. In kika soya irin wannan, bayansa zai yi baƙi tun cikinsa bai nuna ba, ga wani zaƙi da bai dace ba. In dafawa za ki yi, ba wata matsala ba ce sosai. In na suya ne, a bar shi a waje.

Wasu sun yi kore. A ci ko a zubar?

Haske ne ya taɓa su. Koren kansa ba guba ba ne, amma alama ce cewa wani sinadari mai ɗaci, solanin, ya ƙaru a wurin, kuma dafuwa ba ta kashe shi. In ya yi yawa yana sa ciwon ciki da amai da gudawa, yara kuma sun fi saurin jin jiki. In ɗan tabo ne a gefe, yanke shi da zurfi har sai kin ga fari tas. In koren ya mamaye ko ya shiga ciki, zubar. In kin dafa kin ji ɗaci ko maƙaƙi a maƙogwaro, kada ki ce a daure don gudun almubazzaranci.

Wanda ya yi tsiro fa?

In jikinsa da tauri, ƙwaƙule tsiron da idon da ya fito, ki dafa abinki. In tsiron ya yi tsawo, dankalin ya yamushe ya yi laushi, ya gama aiki.

Na yanka na ga rami a tsakiya, wani kuma baƙin tabo a ƙarƙashin ɓawo. Tsutsa ce?

Ba tsutsa ba ce. Ramin yana samuwa ne tun a gona, idan dankalin ya yi girma da sauri bayan ruwa ya yanke ya dawo, sai cikinsa ya tsage. Manya sun fi yin haka. Baƙin tabon kuwa buguwa ce ta inji ko ta jifa da buhu. Duka biyun a yanke wurin a yi amfani da saura. Wanda ake gudu shi ne mai laushi, mai yauƙi, mai wari.

Hajiya, na yi faten dankali ya koma kunu. Me na yi ba daidai ba?

Ba ki yi komai ba, 'yar'uwa, kin dai yi wa Russet dahuwar na Jos. A gida mukan zuba dankali da wuri, ya yi ta tafasa cikin jajjage da nama, ana juyawa da ludayi, kuma ya fito da gaɓoɓinsa. Russet ba ya jure wannan. Minti goma sha biyar cikin tafasa ya ishe shi ya fara rugujewa, ludayi kuma ya ƙarasa shi.

In shi kaɗai gare ki, sai a bi shi a hankali. Yanka shi manya-manya, kowane ɗaya gida huɗu ko shida. Bari nama ya yi laushi, jajjagen ya soyu, ruwan ya ji magi da gishiri da daddawa tukuna, sannan dankalin ya shiga a ƙarshe. Rage wuta. Kada ludayi ya sake shiga tukunyar, in kina tsoron kamu ki kama hannuwanta ki girgiza. Bayan minti goma ki soka wuƙa, in ta shiga ba gardama, zuba alayyafo, rufe, kashe wuta, turiri zai ƙarasa. Wata dabarar ita ce a ɗan soya shi sama-sama kafin ya shiga romo, don bayansa ya yi fata.

Amma in za ki ji tawa, ki haɗa iri biyu. Yukon Gold, wanda aka samar a Kanada, mai cikin ɗorawa, shi ya fi kama da namu, ja mai santsin ɓawo kuma ya fi kowa riƙe jiki. Duka ana samunsu a kantunan nan, sai dai sun ɗan fi tsada. Nakan yanka Russet biyu ƙanana-ƙanana in zuba da wuri, da gangan don su narke su kama ruwan, sannan in sa Yukon Gold ya zama shi ne abin tauna. Faten yana fitowa da kauri irin wanda na Jos kaɗai ba ya bayarwa.

To yaya ake soya shi ya yi garas-garas?

Nan ne Russet yake nuna shi sarki ne. A suya, gaskiya ya fi namu, kuma na san akwai 'yan Jos da ba za su yafe mini wannan magana ba.

Fere shi, yanka tsaye kamar kaurin ƙaramin yatsa, ki yi ƙoƙari su zo daidai. Wanke a ruwan sanyi, za ki ga ruwan ya yi fari kamar na gasara. Canza har ya washe, ki bar shi ya jiƙa rabin awa. Tsame, shanya a kan tsumma mai tsabta, goge shi ya bushe ƙamas. Ruwan da ya rage a jiki shi ke sa mai ya yi ta fantsama, dankalin kuma ya yi laɓo-laɓo.

Suyar sau biyu ce. Ta farko a mai mara zafi sosai, wajen digiri 325 na Farenhait, minti biyar ko shida, har ya yi laushi bai canza launi ba. Kwashe, baza a faranti ya huce. Ta biyu a mai mai zafi, wajen 375, minti biyu zuwa uku, ya yi ruwan zuma mai haske. Kada a bari ya yi duhu. In babu ma'auni, tsoma bakin muciya: ƙananan kumfa a hankali, lokacin suyar farko ne, kumfa mai gaggawa kuma ta biyu. Zuba kaɗan-kaɗan, don cika kasko yana kashe zafin mai. Gishiri da yaji sai an kwashe.

Yayyafa ruwan gishiri cikin mai da masu suyar doya ke yi a bakin titi, ki bar shi a can. A kicin na bene, da ƙararrawar hayaƙi a rufi, sai ki tara wa kanki maƙwabta. In kuma mai ya kama wuta, kashe murhu ki kife murfi a kai. Ruwa ba ya zuwa kusa.

Da azumi wannan tsari yana rage wahala ƙwarai. Nakan yi suyar farko bayan la'asar, in bar shi a faranti. Saura minti goma a sha ruwa sai in yi ta biyu, in tsiyaye man, in kwarara ƙwai da aka kaɗa da albasa da attaruhu a kai.

Malama, ni gwauro ne, ba na son tsayuwa a murhu. Ana cewa a gasa shi?

Wannan naka ne, ɗan'uwa. Kunna obin a 400, wato 200 a namu ma'aunin. Wanke dankalin da kyau, ka goge, ka soke shi sau shida ko takwas da cokali mai yatsu don turiri ya sami hanya, in ba haka ba yana iya fashewa ya ɓata maka obin. Shafa mai da gishiri, ɗora a kan waya, ka je ka yi karatunka. Awa ɗaya ya isa matsakaici. In ka matsa da tsumma ka ji ya ba da kai, ya yi. Tsaga shi nan take, ka matso gefe biyun, cikin zai buɗe fari sol yana tururi. In kana sauri, mintuna bakwai ko takwas a maikurowef za su dafa guda ɗaya, sai dai ɓawon ba zai yi daɗi ba.

Amurkawa suna sa bota da cuku da kirim mai tsami. Ka kula a gidan abinci ko gidan abokai, jajayen ɓarɓashin da ake barbaɗawa a kai sau da yawa naman alade ne, ka tambaya. A gida kuwa, man shanu da yajin ƙuli sun wadatar. Dambun nama a kai ya fi komai, sai ragowar miyar jiya.

Abu ɗaya da ba wasa a ciki: kada ka naɗe shi da foyil, wato takardar alminiyam, ka gasa, sannan ka bar shi a naɗe a kan tebur ya kwana. Ƙwayar cutar da ke haifar da gubar botulizim tana zaune a ƙasa, tana iya tsira daga gashi, kuma wurin da ba iska take so. A 1994, a birnin El Paso na jihar Teksas, mutum 30 suka kamu daga abincin da aka haɗa da irin wannan dankali da aka bari a naɗe a waje. Ragowa a cire foyil a sa firiji cikin awa biyu.

Da gaske ana yin sakwara da shi?

Ana yi, kuma abin dariya ne yadda ta samo hanya. Masu koyar da girkin Turawa kullum gargaɗi suke kada a sa dafaffen Russet a bilenda, wai zai yi danƙo ya lalace. Su suna son shi sakwa-sakwa, an murƙushe da madara da bota. To danƙon da suke gudu shi muke nema.

Dafa shi a ruwa ba gishiri, ki fara da ruwan sanyi don ciki da waje su nuna tare, minti goma sha biyar zuwa ashirin. Tsiyaye sosai, mayar kan wuta minti ɗaya ya bushe. Tun da zafinsa ki niƙa a injin markaɗe mai ƙarfi, ko ki tuƙa da muciya, kina barbaɗa cokali biyu ko uku na sitacin dankali ko na rogo a kan ƙaramar wuta har ya haɗe. 'Yan'uwanmu na Zango daga Gana sun daɗe suna yin fufu da garin dankali na kwali da sitaci. Ba doya ba ce, kada a yi miki alkawarin ƙarya, amma da miyar agushi tana kashe ƙwaɗayi. Turmi kuwa, in kina bene, wanda ke ƙasanki zai hau da kansa.

Dole a fere shi?

Ba dole ba ne, a gashi ma ɓawon rabin daɗin ne. Sai dai a sani cewa dankalin rumbu a Amurka akan sa masa maganin hana tsiro mai suna CIPC, wanda Tarayyar Turai ta daina amfani da shi tun 2020, kuma a ɓawo ragowarsa ta fi zama. A wanke da burushi ƙarƙashin famfo. Wanda hankalinsa bai kwanta ba ya fere.

Mahaifiyata tana da ciwon suga. Za ta iya ci?

Russet yana cikin dankalin da ya fi saurin ɗaga sukarin jini, musamman gasasshe ko dakakke da zafinsa. Matsakaici ɗaya, mai giram 148, yana da kalori 110, ba mai a cikinsa, ga bitamin C, ga fotasiyam da ya fi na ayaba. Mai da bota su ke ƙara masa nauyi. Ga Mama, ɗan kaɗan tare da ganye da kifi ko wake ya fi faranti guda na soyayye, kuma wanda aka dafa ya huce a firiji ba ya ɗaga sukari kamar mai zafi. Mai ciwon ƙoda da aka hana shi yawan fotasiyam sai ya ji daga likitansa kafin ya mayar da shi abincin kullum.

Zan iya ferewa tun dare, ko in sa a firiza?

Ferarre yana baƙi in ya sha iska. Nutsar da shi a ruwan sanyi, ki sa a firiji, zai kai kwana ɗaya. Ɗanye ba ya son firiza, yana fitowa a jiƙe ya yi duhu. Amma wanda aka yi wa suyar farko ya huce, a baza a faranti ya daskare, a ɗure a leda, zai yi watanni. Daga firiza sai cikin mai.

In na sayi buhu ya fito a ruɓe, asara ce ke nan?

A'a. Yawancin kantunan nan suna karɓar kayan lambu da suka lalace su mayar da kuɗi ko su canza. Ki ajiye rasit, ki koma da wuri da buhun ko hotonsa. Mu kan ji nauyin komawa saboda 'yan daloli, su kuwa ba sa ganin abin kunya ne. Masu katin tallafin abinci na EBT suna iya sayen dankali da shi, haka masu WIC, tallafin abinci na mata masu ciki da masu jego da ƙananan yara, tun 2015.

Kusa da buhunan na ga an rubuta Yams, amma ban ga doya ba.

Ba za ki gani ba. Abin da Amurkawa ke kira haka dankalin Hausa ne mai jan ciki. Doya ta gaske sai shagunan 'yan Afirka ko na mutanen Karibiyan.

To in sa a taho mini da na Jos ko na Agadas a jaka mana?

Kada ki jawo wa mai zuwa wahala. Jami'an kwastan na Amurka ba sa barin matafiyi ya shigo da ɗanyen dankali daga ƙasashenmu, saboda cututtukan gona da ke bin ƙasa da saiwa. A filin jirgi za a karɓe shi, wanda kuma ya ɓoye bai faɗa ba yana iya cin tara. Gurbin da ke jakar a cika shi da yajin ƙuli, a kuma nuna wa jami'an in sun tambaya.